Gasar Nazarin Bayanai a Jami'a: Allon Maki ko Gaban Alƙalai?

Dakta Hadiza: Assalamu alaikum. Sashenmu na ƙididdiga ya amince a shirya wa ɗalibai gasar nazarin bayanai a zangon karatu mai zuwa, tare da tarurrukan bita kafin ranar gasar, kuma ni aka ɗora wa nauyin kawo daftarin tsari. Kafin in rubuta komai ina neman shawarar wannan zaure, domin tsari iri biyu ne a gabana, kowanne da magoya bayansa a cikin abokan aikina.

Na farko shi ne irin na DataFest, wadda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 2011, lokacin da ɗalibai 30 suka kwashe sa'o'i 48 suna nazarin bayanan kamen da 'yan sandan birnin suka yi cikin shekaru biyar. Daga baya Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta rungume ta, ta bazu zuwa jami'o'i masu yawa. A wannan tsari ba a bayyana wa ɗalibai bayanan da za a ba su sai ranar Juma'a da aka buɗe gasa, ana raba su rukuni-rukuni da bai wuce mutum biyar ba, su ne za su tona su gano abin da ya cancanci a tambaya, sannan ranar Lahadi kowane rukuni ya tsaya gaban alƙalai na 'yan mintoci ya bayyana abin da ya gano. Ana ba da kyauta ga wanda ya fi zurfin fahimta, da wanda ya fi kyawun zanen alƙaluma, da wanda ya fi iya haɗa bayanan da aka ba shi da wasu na waje.

Na biyu shi ne irin na Kaggle da Zindi, shafukan intanet da ake gasar nazarin bayanai a cikinsu, wanda kuma a kansa aka gina UmojaHack Africa da Zindi ta fara shirya wa ɗaliban jami'o'in Afirka a 2020. A nan tambaya a ƙayyade take: ana ba ka bayanai, ka gina ƙirar hasashe, ka miƙa amsoshinka, kwamfuta ta ba ka maki, sunanka ya hau ko ya sauka a allon maki. Wanne ne ya fi dacewa da ɗalibanmu, kuma me ya kamata a koyar a bitar?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya ba da sa'a. Ni kam allon maki nake goyon baya, kuma dalilina na farko shi ne adalci. Duk wanda ya taɓa zama a zauren da malamai ke yanke hukunci tsakanin ɗalibansu ya san cewa ko da an yi gaskiya tsantsa, wanda ya faɗi zai fita yana cewa an fifita ɗalibin shugaban sashe, ko an fifita wanda ya fi iya Turanci da tsayuwa gaban jama'a. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba. Yaron da ke in'ina idan ya ga taro, amma ya ƙware a gaban allonsa, a nan ne kawai zai samu haƙƙinsa.

Kuma tsarin ba wasa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Ana raba amsoshin gwaji kashi biyu: kashin da ake nuna makinsa tun ana cikin gasa, da kashin da ake ɓoyewa sai an rufe. Wanda ya yi ta gyara ƙirarsa don ta dace da allon da ake gani, ranar da aka buɗe ɓoyayyen kashin sai ka ga ya sulluɓo daga sama zuwa tsakiya. Wannan faɗuwar tana koya wa ɗalibi bambancin haddace bayanai da fahimtarsu fiye da laccar zango guda. Ƙari a kan haka, ɗalibin da ya saba da wannan tsari zai iya shiga Zindi, wadda aka kafa a 2018 kuma take buɗe ga kowa, ya kara da takwarorinsa na Tunisiya da Kenya da Afirka ta Kudu, ya kuma samu abin da zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata.

Farfesa Garba: Injiniya, na ji hujjarka ta adalci kuma ban raina ta ba. Amma ina so mu tsaya a kan abin da allon maki yake aunawa. Yana auna ƙwarewa wajen amsa tambayar da wani ya riga ya tsara, a kan bayanan da wani ya riga ya zaɓa, da ma'aunin da wani ya riga ya yanke. Wato an ɗauke wa ɗalibi sassa uku mafi wuya na aikin, an bar masa na huɗu. Alhali kuwa ɗalibinmu idan ya gama ya samu aiki a ma'aikatar lafiya ta jiha ko hukumar ilimin bai-ɗaya, ba wanda zai miƙa masa tambaya a tsare. Darakta zai ajiye masa tarin takardu da fayiloli ya ce, duba mana ka ga abin da ke faruwa.

Ka tuna gasar kamfanin fina-finai na Netflix, wadda ita ma a kan allon maki aka gina ta. An buɗe ta a Oktoban 2006 da kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya inganta hasashen kamfanin game da makin da mai kallo zai ba fim da kashi 10 cikin ɗari, aka ba da kyautar a Satumban 2009, kuma daga baya kamfanin da kansa ya bayyana cewa bai yi amfani da haɗaɗɗiyar ƙirar da ta ci babbar kyautar ba, domin ƙarin daidaiton da ta kawo bai kai wahalar ɗora ta a kan aiki ba. Maki ya hau, amma tambayar da kamfanin ke buƙata ta riga ta sauya.

Ga kuma misalin da nake ba ɗalibaina kowace shekara. A 1973 alƙaluman shiga karatun gaba da digiri na farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna an ɗauki kusan kashi 44 cikin ɗari na maza masu nema, mata kuma kusan kashi 35. Duk wanda ya gani zai ce an zalunci mata. Da masu bincike suka rarraba alƙaluman sashe-sashe, sai ya bayyana cewa mata sun fi neman sassan da dama suke ɗaukar mutane kaɗan, maza kuma sun fi neman sassan da ƙofarsu ke da faɗi, kuma a cikin yawancin sassan babu wannan giɓin. Babu allon makin da zai sa ɗalibi ya yi tunanin rarraba waɗannan alƙaluma. Abin da zai sa shi shi ne sanin cewa jibi zai tsaya gaban wani dattijo da zai tambaye shi, ka tabbata?

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, labarin Netflix yana da ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya ɗauki hanyoyi biyu daga cikin waɗanda suka yi fice a shekarar farko ta gasar ya sa su a aiki, kuma dabarun da aka goge a wancan lokacin sun shiga manhajojin da ke ba mutane shawarar abin da za su saya ko su kalla. Saboda haka ba a yi aikin banza ba. Amma na yarda cewa misalin Berkeley ba abu ne da allon maki zai kama ba.

Zainab: Malamaina, ina neman izinin in sa baki a matsayina na ɗalibar aji uku. Ina ganin muhawarar ta yi gaba ta bar mu a baya. A ajinmu waɗanda suka taɓa buɗe Python ko R, manhajojin da ake nazarin bayanai da su, ba su da yawa, kuma yawancinsu a waje suka koya, wasu a shirin Arewa Data Science Academy, wasu a na Data Science Nigeria, wasu a 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Sauranmu mun ci jarrabawar kwasa-kwasan ƙididdiga da biro da takarda, mun san yadda ake lissafin matsakaici da karkata, amma idan kuka ba mu fayil mai layi dubu hamsin ba mu san ta inda za mu fara ba. Idan aka yi gasar a haka, kowane tsari aka bi, mutanen da kowa ya riga ya sani ne za su ci, sauran kuma su yi kallo su tafi da yaƙinin cewa wannan fanni ba nasu ba ne.

Akwai kuma batun kwana. Na ji an ce sa'o'i 48, kuma na san a can ɗalibai kan raba dare a zauren. A nan iyayenmu da mazajen wasunmu ba za su amince da haka ba, kuma ko masu zama a ɗakin kwanan ɗalibai akwai lokacin da ake rufe ƙofa. Idan aka bar maza su yi aiki har asuba mu kuma muka tashi da magariba, an riga an yanke hukunci kafin a fara. Ina roƙon a rufe zauren ga kowa a lokaci ɗaya, a kuma tsara ranar Juma'a yadda ba za ta ci karo da salla ba.

Malam Sani: Zainab ta taɓo inda ya kamata, Allah ya yi mata albarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina bitar ita ce ainihin aikin, gasar kuwa dalili ne kawai da zai sa ɗalibi ya zo bitar ya zauna har a tashi. Saboda haka ina ba da shawarar a kashe mafi yawan ƙarfi da kuɗi a can, kuma a cikin bitar ma a ba tsaftace bayanai kaso mafi tsoka, domin shi ne abin da ba ma koyarwa a aji kuma shi ne ke cinye lokacin duk mai wannan sana'a.

Bari in faɗi abin da nake nufi. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa fayil biyu ta hanyar sunayensu ya san azabar. Wani ya rubuta Birnin Kudu, wani ya taƙaita shi zuwa B/Kudu. Dutsin-Ma tana zuwa da ƙaramin layi a tsakiya, tana zuwa a haɗe, tana zuwa a rabe. Ga sunayen da ke maimaituwa a jihohi daban-daban: akwai Bassa a Filato akwai Bassa a Kogi, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa, akwai Surulere a Legas akwai ta a Oyo. Ɗalibin da ya haɗa fayilolinsa da suna kaɗai, bai haɗa da jiha ba, zai zuba mutanen Kogi a Filato, kuma kwamfuta ba za ta yi masa ko tari ba. Zanensa zai fito da kyau, launuka a tsare, amma ƙarya ce.

Haka batun shekaru. A kowane bincike da aka tambayi mutanenmu shekarunsu, za ka ga cunkoso a kan 30 da 35 da 40 da 50, saboda da yawa ba su da takardar haihuwa, kintace suke yi, ko mai tambayar ya dube su ya kintata musu. Masana ƙidayar jama'a suna da ma'aunin Whipple don auna girman wannan cunkoso. Ɗalibi ya kamata ya zana shekarun ya ga yadda cunkoson ke fitowa kamar haƙora da idonsa kafin ya gina komai a kansu.

Kada kuma a ɗauka wannan cutar ƙasashe masu tasowa ce kaɗai. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon gwajin korona 15,841 ya ɓace daga rahoton hukuma saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, abin da ya wuce haka ya zube ba tare da gargaɗi ba. Darasin mai sauƙi ne: ka ƙirga layukanka kafin ka haɗa fayil, ka sake ƙirgawa bayan ka haɗa. Wannan kaɗai idan ɗalibi ya fita da shi daga bitar, ni na gamsu.

Dakta Hadiza: Na gode, Malam Sani, na kuma ɗauki maganar Zainab da muhimmanci. Game da yadda za a gudanar da bitar, ina duba salon The Carpentries, ƙungiyar koyar da aiki da bayanai a kwamfuta da ta samu daga haɗewar Software Carpentry da Data Carpentry a 2018. Bitarsu yawanci kwana biyu ce, malami ba ya nuna hotunan lacca, yana rubuta umarnin da ake ba kwamfuta ne a gaban kowa ɗalibai suna bin sa a nasu kwamfutocin, idan ya yi kuskure su gani su ga yadda yake gyarawa. Akwai mataimaka da ke zagayawa, kuma kowane ɗalibi yana da 'yan takardu masu mannewa launi biyu, ɗaya yana nufin ina tafe, ɗaya yana nufin na maƙale, don kada mai kunya ya sha wahalar ɗaga hannu. Darussansu a buɗe suke ga kowa ya ɗauka. Abin da ban yanke ba shi ne manhajar da za a koyar.

Aminu: Dakta, ina ganin Python ya kamata, domin shi ake nema a tallan aiki, kuma da Google Colab mutum ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, komai a intanet yake gudana.

Farfesa Garba: Aminu, komai a intanet yake gudana matuƙar akwai intanet ɗin. Ranar da mutum sittin suka hau layi ɗaya a zaure ɗaya za ka ga yadda rabin yini ke tafiya a jiran shafi ya buɗe. Ni ban damu ba ko R aka zaɓa ko Python, dukansu kyauta ne, ba kamar SPSS da ake biyan lasisi ba, wanda kuma muka san ta wace hanya yawancin ɗalibai ke samunsa. Sharuɗɗana biyu ne. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, kada a ruɗa mai koyo da biyu. Sannan a zuba manhajar da duk kayan haɗinta da bayanan a filasha, a ware yini guda kafin bitar don a girka wa kowa, ta yadda ko layin sadarwa ya yanke aiki ba zai tsaya ba. Wanda ba shi da kwamfuta a zaunar da shi da mai ita, su riƙa karɓa-karɓa a kan madannai, a kuma sa ido kada mai kwamfutar ya riƙe ta shi kaɗai. Kada kuma a raina Excel. Shi za su tarar a ofis, kuma gara su san inda yake da amfani da inda yake cutarwa.

Mahamadou: Gaisuwa ga malamai daga Maraɗi. Ina bin muhawarar da sha'awa, kuma ina da shawara game da bayanan da za a ba ɗalibai. Me zai hana a yi amfani da farashin hatsi? Hukumar Abinci ta Duniya (WFP) tana wallafa farashin kasuwanni wata-wata na shekaru masu yawa, kowa na iya saukewa, kuma a ciki akwai kasuwannin Nijar da na arewacin Nijeriya irin su Dawanau da Jibiya da Illela. Gero da dawa da masara da wake suna ƙetare wannan iyaka kullum, kuma babu ɗalibin da zai ce bai san abin da ake magana a kai ba, domin ko mahaifinsa manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko mai auno. Za a iya haɗa su da bayanan ruwan sama na CHIRPS da suka faro daga 1981, a ga yadda damina ke taɓa farashin kaka da na bazara.

Tarkunan da ke ciki su ne amfaninsa. Farashin ɓangarenmu da sefa yake, naku da naira, kuma darajar naira ta sauya ƙwarai tun tsakiyar 2023, saboda haka wanda ya kwatanta ba tare da ya duba canji ba zai ga abin da babu shi. Ma'auni ma haka: wani wuri kilo, wani wuri buhu, kuma idan ɗalibai suka je kasuwa da kansu za su tarar da tiya da mudu da kwano waɗanda girmansu ya bambanta daga gari zuwa gari. A wurinmu idan mai awo ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Sannan fayilolin da aka shirya da Faransanci suna amfani da waƙafi a inda ku kuke sa ɗigo a tsakiyar lamba, don haka idan aka buɗe su a kwamfutar da aka saita da Turanci, lambobi kan koma rubutu ko su tarwatse.

Malam Sani: Wannan shawara ta yi, Malam Mahamadou. Zan ƙara da tarko ɗaya daga ɓangarenmu. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take gina ma'aunin farashi a kanta daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta kwandon kayayyakin. Hauhawar farashi da aka bayar a kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024 sai ta fito a 24.48 a Janairun 2025. Ɗalibin da ya ja layi ɗaya ya ratsa waɗannan watanni biyu zai ce kaya sun yi sauƙi cikin wata guda, alhali ma'aunin ne ya canza. A bar wannan a cikin bayanan, kada a gaya musu, a ga rukunin da zai lura.

Barista Rakiya: Ina goyon bayan farashin kasuwa saboda wani dalili daban, wato babu sirrin kowa a ciki. Na san jarabar da ke zuwa wa duk mai shirya irin wannan gasa a jami'a: a je ofishin jarrabawa ko asibitin makaranta a karɓo fayil, a goge sunaye da lambobin rajista, a ce an ɓoye masu shi. Wannan bai isa ba. Idan a sashe guda, a aji guda, mace ɗaya ce daga wata ƙaramar hukuma, to duk ɗan ajin da ya buɗe fayil ɗin ya gane ta, ya kuma ga makinta ko cutar da ta kai ta asibiti.

Tunda Farfesa ya kawo Netflix, bari in ƙarasa labarin. Kamfanin ya cire sunayen masu kallo kusan 480,000 kafin ya saki bayanan, amma masu bincike biyu a Jami'ar Texas da ke Austin, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna cewa ana iya gano wasu daga cikinsu ta hanyar kwatanta bayanan da ra'ayoyin da mutane suka rubuta a fili a IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai. An kai ƙara kotu, kuma a 2010 kamfanin ya soke gasa ta biyu da ya shirya. A nan gida kuma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta ba kariya ta musamman. Ko binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, irin na 2018, wanda malamai da yawa ke da shi a kwamfutarsu, ana bayar da shi ne ga wanda ya yi rajista don wani bincike da ya bayyana, da sharaɗin kada ya miƙa wa wani ba tare da izini ba. Ba a kwafe shi a raba wa ɗalibai sittin a filasha. Ina roƙon a ware sa'a ɗaya a bitar don wannan batu, kuma kada a ajiye ta a ƙarshen yini lokacin da kowa ya gaji.

Injiniya Bashir: Akwai abin da ba mu ambata ba, kuma yana rage ƙarfin matsayina, amma gara in faɗe shi da kaina. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ɗalibi na iya kwafe bayanin gasa ya liƙa, a rubuto masa umarnin da zai ba shi maki mai kyau ba tare da ya fahimci layi ɗaya ba. Hana su amfani da shi ba zai yiwu ba, kuma ban ga hikimar hanawa ba tunda a wurin aiki za su yi amfani da shi. Saboda haka allon maki shi kaɗai bai wadatar ba yanzu, dole a tsayar da rukuni a tambaye shi. Amma fa wannan manhajar tana iya rubuta jawabi mai daɗi da zane mai kyau ga masu tsayawa gaban alƙalai, don haka tsarin Farfesa ma bai tsira ba. Abin da nake nema shi ne kada a jefar da ɓoyayyen kashi gaba ɗaya. A riƙe farashin watannin ƙarshe, a ce kowane rukuni ya yi hasashensu, a ba wannan rabin maki, alƙalai su riƙe rabi.

Farfesa Garba: Rabi ya yi yawa, Injiniya. Duk abin da aka ba rabin maki kuma ake ganin lambarsa tana motsi a bango, shi zai cinye hankalin yara, su bar tunani su koma neman ƙarin ɗigo. Ni zan ba shi kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba za a nuna allon ba sai an rufe. Game da tsoron son kai da ka faɗa tun farko, maganinsa shi ne a kawo alƙalai daga waje, a rubuta ma'aunin hukunci a raba wa kowa tun ranar bitar farko, kuma malamin da ya horar da rukuni kada ya yi masa hukunci. Zan so a cikin alƙalan a samu mutum ɗaya da ya san hatsi ba a takarda ba, dillali ko jami'in gona, wanda idan rukuni ya ce gero ya fi tsada a watan Nuwamba zai ɗaga gira ya tambaye su a wace kasuwa. A kuma bar ɗalibi ya yi bayani da Hausa idan ya fi masa sauƙi, tunda fahimtarsa muke aunawa. Sharaɗi na ƙarshe, kowane rukuni ya miƙa umarnin da ya rubuta, a sake gudanar da shi a wata kwamfuta daga ɗanyen fayil, idan zanen da suka nuna bai fito ba a rage musu maki.

Zainab: Ranka ya daɗe, idan za a yi tambayoyi, ina roƙon alƙalai su zaɓi wanda zai amsa da kansu, kada rukuni ya tura gwaninsa. In ba haka ba za a sa sunayenmu a rukuni don a cika sharaɗin cewa akwai mace ko akwai ɗan aji ɗaya, a ba mu aikin tsara launin shafi. Kuma zai yi kyau a gayyaci 'yan sashen tattalin arziki da aikin gona da labarin ƙasa, a cakuɗa mu, domin su sun san abin da alƙaluman ke nufi fiye da mu.

Dakta Hadiza: An karɓa, Zainab, kuma zan sa halartar bitar ya zama sharaɗin shiga gasar, har ga waɗanda suke ganin sun riga sun iya, su zo su zama mataimaka. Batun rabon maki kuwa zan kai wa sashe ra'ayoyin biyu kamar yadda aka faɗe su, rabi da kuma ɗaya cikin huɗu, ko da yake zuciyata ta fi karkata ga na Farfesa. Barista, zan turo miki fayil ɗin da sharuɗɗan amfani da shi ki duba kafin a raba. Injiniya, ko za ka ɗauki nauyin ware ɓoyayyen kashin?

Injiniya Bashir: Zan ɗauka, Dakta, ko da an tsaya a ɗaya cikin huɗu. Sai dai a sani cewa ba zan tsinci layuka barkatai in ɓoye ba, domin a bayanan da ke bin lokaci wanda ya ga farashin Maris da na Mayu ya riga ya san na Afrilu. Watannin ƙarshe zan yanke gaba ɗaya. Matsalar ita ce bayanan a fili suke a intanet, mai wayo na iya sauke cikakken fayil ya kwafe amsar, saboda haka ko dai a karɓi hasashen a ranar gasa a jira farashin watan da bai fito ba tukuna, wanda zai jinkirta wannan kashin na maki, ko kuma mu aika mutum biyu kasuwa su rubuto farashin makon da kansu da ma'auni ɗaya. Malam Mahamadou, idan aka zaɓi na biyu, za mu buƙaci wanda zai auno mana na Maraɗi a rana ɗaya da na Dawanau, da sikeli ba da tiya ba.